Ƙugiyar Sunana

Sunana Ƙasimu.
Na'urar ofis ba ta san ƙugiya ba,
ta fille ta kamar kan kaza,
ta bar ni Kas a ƙirjin riga,
harafi uku a shuɗiyar roba.

Shekara shida ke nan a Sheffield,
gidan tsofaffi, kan tudun da bas ke nishi kafin ta hau.
Dare nawa ne, takwas zuwa takwas.
Ni ke juya Mista Ackroyd kada gado ya ci masa baya,
ni ke shafa mai a ƙafafun da suka tsaya
shekara talatin gaban wutar narka ƙarfe.
Na san cokalin sukarin shayinsa,
na san sunan matarsa da ta riga mu gidan gaskiya,
na san tarin da ke nufin tsoro
da wanda tari ne kawai.

Da aka ce za a rufe gidan
sai hukuma ta kira taro.
Kowa ya zo, in ji takarda, kowa na da baki.
Na sauka aiki, na goge riga, ban runtsa ba.
Zaure da ɗumi, kujeru a jere, biskit a faranti.
Mai sayen fili ya ci minti ashirin da taswirarsa,
lauya ta ci sha biyar.
Na ɗaga hannu.
Na bar shi a sama har yatsu suka mutu,
idon shugabar taro na wucewa ta kaina
yadda ido ke wuce bango.
Can ƙarshe ta ce a tafa wa jarumai masu jinya.
Aka tafa, har da murmushi.
Tafi ba ya tambayar ka me ka gani.
Ashe akwai rufe bakin da ake yi cikin ladabi.

Ba roƙo ya kai ni ba.
Ko albashin da ke ƙarewa kafin wata ban nufi ambata ba.
Sani na ɗauko, na dare dubu:
in ka raba tsoho da tagar da ya saba
da wuya ya ga ganyen baɗi.
Sau uku na gani da idona.
Wa ya rubuta?

Ran zaɓe na je makarantar yara,
fensir ɗaure da zare, ruwa na zuba a waje.
Ƙuri'ata ta faɗa akwati daidai da ta kowa,
ba ta fi ba, ba ta gaza ba,
kuma ban raina wannan ba.
Sai dai ƙirga daban, gani daban.
Makiyayi ma yana ƙirga.

Jiya, uku na dare,
tsohon da ya manta sunan ɗansa
ya kama wuyan hannuna:
faɗa mini na gaskiyar.
Na faɗa. Ya gwada, ya ƙware, ya yi dariya,
ya sake, maƙogwaro na lalube
inda bai taɓa zuwa ba.
A na bakwai ƙugiyar ta fito,
a karkace, amma ta fito.
Ya yi shiru. Sannan ya ce,
mu ma ran da aka kashe wutar masana'anta
godiya aka yi mana, aka ba mu agogo.

Laraba akwai wani zaman.
Na ɗauki biro na mayar wa harafin ƙahonsa,
tawadar na gogewa, ina sakewa.
Ni zan tura keken,
takardata a aljihu, ninki huɗu.
Shi ya ce zai riƙe sanda
ya yi ta buga ƙasa
har matar nan ta juyo
ta tambaye ni sunana.